Matar da Ba Ta Iya Bakace Ba

Ran Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga sujada, samarin majami'armu suka zo gidana da ɗan buhun shinkafa da kwalbar mai. Yaran kirki ne, Allah ya yi musu albarka. Sai dai kafin su sakar mini buhun suka ce in miƙe tsaye, in riƙe kunnen buhun ɗaya su riƙe ɗaya, in dubi salula in yi murmushi. Haƙora uku suka rage mini, duka ukun na ba su. Suka duba suka ce hoton bai fito ba, a sake. Sau huɗu ina karɓar buhu ɗaya. Da suka tafi na zauna a zaure ina dariya ni kaɗai, har dariyar ta ƙare, na kuwa rasa wanda zan gaya wa, don wadda za ta gane ta riga ni tafiya. Shi ya sa na ari takarda da alƙalami wurin jikata. Ku yi haƙuri da rubutun. Shekara biyu na yi a lekol, makarantar boko ke nan, ta biyun ma ban ƙarasa ba, saboda wani ƙadangare da aka samu cikin hular malaminmu, mushe kamar yadda muke ce masa da Faransanci, wanda har yau ban amsa cewa ni na sa shi ba. Ɗan abin da na iya, matata Hannatu ce ta koya mini a kan tabarma, da muciya a hannu ɗaya.

Damagaram da nake tunawa da kunne ake saninta. Ladan bai gama rufe baki ba turame sun fara. Ɗaya daga wajen Birni, can ƙasa-ƙasa, kamar wani babban abu ne ke barci a ƙarƙashin duwatsu kana jin bugun zuciyarsa. Sai wani ya amsa daga Zango, sai na bayan gidanku, sai gari duka ya ɗauka, har ka ji tabarmar da kake kwance a kai tana motsi a hankali kamar kwalekwale. Kowane turmi da muryarsa. Muna kwance ido rufe muna iya cewa wannan surfe ne, wannan dakan fura ne, gidan nan sun yi baƙi, waccan amarya ce ke lugude don a san an kawo ta. A cikin wannan sauti tattabaru ke kuka, jakuna ke gaisawa daga unguwa zuwa unguwa, hayaƙi ke tashi ya tsaya bisa soraye bai san inda za shi ba. Yanzu inji ne. Ba na zaginsa, ya hutar da kafaɗun mata. Amma ihu ɗaya yake yi wa mai buhu goma da mai tiya ɗaya, ba ya gaya maka halin da maƙwabcinka ya kwana.

Mu Kirista a unguwar ba mu cika gida biyar ba. Mahaifina mutumin Gidimuni ne, manomin bakin tafki. Ciwon ƙafa ya kai shi neman magani, ya dawo da ɗingishi da sunan Yesu a bakinsa. Dangi suka yi fushin shekara guda, suka gaji, suka ci gaba da cin dabinonsa. Har yau in na gyangyaɗa da rana nakan ga tafkin nan, ruwan kwance kamar an shimfiɗa shuɗin zane, rake na kaɗa kai, balbelu tsaye da ƙafa ɗaya suna tunanin abin da ba su gaya wa kowa ba. Noma dai bai karɓe ni ba, ni ma ban matsa masa ba. Na gudo birni na samu jaki da keken da muke ce wa sharet, ina kwasar buhunan fatake daga bakin mota zuwa sito. Sunana ya ɓace, kowa Mai Jaki yake ce mini. Ran Lahadi kuma ni ke buga ƙararrawar majami'a, wadda ba komai ba ce illa ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a reshe, amma ina bugunta da kafaɗa sama kamar ni na ƙera ta.

Katanga ɗaya ta raba mu da Aba Mele da matarsa Ya Fanna. Tsofaffi ne, Musulmi, Barebari asali. Shi baduku ne, ɗan baduku; in ka wuce zaurensa warin bagaruwa da jan fata kan bi ka har kasuwa. Takalmin da ya ɗinka sai ƙafa ta gaji ta bar shi. Ɗansu guda ya bi motocin arewa, tun wasiƙa tana zuwa har ta daina. Aba Mele yakan ce a gidansu tafin hannu ƙasa yake kallo, bai taɓa kallon sama ba. Da gaske yake. Ka ba shi goro ɗaya yau, gobe sai ka tarar an gyara maka igiyar takalmi ba ka roƙa ba. Ni yana ce mini ɗan nan, yana kallona kamar yadda ake kallon akuyar maƙwabta, ba ƙiyayya, amma ana lura da inda ta nufa. Hannatu kuwa Ya Fanna ta ɗauke ta 'ya tun ranar da aka kawo ta, har muke ce musu Iya da Baba. In azumi ya zo kunu kan tsallako katanga zuwa wurinmu, in Kirsimeti ta zo shinkafa ta tsallaka zuwa wurinsu, kwano kuma ba ya komawa fanko.

Sai damina biyu a jere suka yi mana rowa. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin, mu fito mu tsaya, ya dube mu ya wuce. Mutanen ƙauyukan Guna da Hamdara suka fara shigowa gari da ƙore a ka, babu komai a ciki, suna zama gindin katangu ba sa ko magana. Aka koma cin ganyen tafasa da anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki, wasu har gidan tururuwa suke tonawa. Dabbobi suka mutu, fata ta cika gari ta zama banza, kuma ba mai neman sabon takalmi. Da asuba ina kwance ina jin turame suna yin shiru ɗaya bayan ɗaya, kamar ana hure fitilu. Mu dai tukunyarmu ba ta bushe ba. Abin da ya zube a sharet daga buhunan fatake nawa ne, ina sharewa har da tsinke, kuma 'yan'uwa masu bi daga nesa sukan aiko wa majami'a jar dawa a raba.

Wata asuba Hannatu ta zungure ni.

"Maigida, saurara."

"Turmin Iya ne. Bar ni in yi barci."

"Saurara dai da kunnen da Allah ya ba ka."

Na saurara. Ba dum, dum ba ne irin na turmi mai ciki. Ƙwal, ƙwal yake yi, a bushe.

"Babu komai a cikinsa," in ji ta. "Yau kwana uku. Itace take daka wa itace don unguwa ta ji."

Na ce to ai da sauƙi, a auna tiya in kai musu. Ta dube ni irin duban da take yi mini in na karanta harafi a kife. Ta ce, "Ka kai, Baba ya yi maka godiya ya dawo da ita, gobe kuma ko gaisuwarmu ba za su amsa da sakin fuska ba. Tashi ka ɗaura wa jakinka kaya."

Kayan kuwa turminmu ne, lafiyayye, na ƙirya, wanda uwarta ta ba ta. Ta sa na lulluɓe shi da tsummokin buhu na kai shi bayan majami'a na ɓoye ƙarƙashin tsofaffin tabarmi. Da hantsi ta ɗauki ƙwaryar hatsi ta shiga gidan Ya Fanna. Ni ina maƙale da katanga ina ji.

"Iya, turmina ba ya gida. Ko in yi surfe a naki?"

"Ba ya gida? Ina ya je, kasuwa? Wannan shashashan ya sayar ko?"

Hannatu ta yi shiru, don ita ba ta ƙarya. Shirun nata ne ya yi mini sharri.

To ga al'adar da yaran yanzu ba su sani ba. In ka yi surfe a turmin wani, dusar ta mai turmi ce, haka ruwan wankin hatsin. Ba kyauta ba ce, haƙƙi ne, don awakin gida. Awakin Ya Fanna an daɗe da sayar da su, amma ba wanda ya ɗaga wannan zance. Bayan surfe sai bakace, a zuba a faifai a riƙa kaɗawa har dusa ta rabu da tsaba. Hannatu a gidanmu in ta kama faifai ko ƙwayar yashi sai ta fitar da ita ita kaɗai. Amma a tsakar gidan Ya Fanna hannunta ya mutu. Ta kaɗa faifai kamar mai korar kaji, dusa ta zuba, tsaba ta bi ta. In ta zo tankaɗe ta bar tsaki tuli a rariya ta ce ya ƙi wucewa.

"Ke 'yar nan, wace irin uwa ta raine ki? Dubi tsaba a dusa! A wannan shekara!"

"Iya, haka na iya."

"Kawo nan. Haka ake riƙewa. Da wuyan hannu, ba da kafaɗa ba. Kin gani?"

"Na gani, Iya."

Washegari ta sake zubarwa. Kullum ana koya mata, kullum tana mantawa. Da la'asar kuwa sai ka ga ɗan siririn hayaƙi ya tashi daga bayan katanga.

Tuwona ya ragu har ina hangen gindin kwano kafin in sa hannu. Na yi gunaguni, ba zan ɓoye ba. Na ce aƙalla su san mu ne, a ce Kirista sun yi abin kirki. Hannatu tana tsinkar ganye ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce, "Ranar da abin sha ya ƙare a gidan biki, Yesu ya sa aka cika tuluna, wa ya sha yabo? Ango. Mutumin da kunya ta kusa kashewa, shi aka yaba, shi kuwa Mai aikin yana zaune cikin baƙi kamar kowa. Kai kuma tsaki kaɗan ka bayar kana neman maroƙi." Na ce ni ba Yesu ba ne. Ta ce wannan kam duk unguwa shaida ce.

Mata masu shiga gidan Ya Fanna suka ga bakacen, suka kai labari bakin famfo, daga famfo ya shiga ɗakuna, daga ɗakuna ya fito gindin itacen bedi, wato dogon yaro, inda maza ke zama bayan la'asar. Ilu wanzami, abokin wasana, shi ya riƙe mini wuya. In na iso sai ya ce, "Ku matsa wa angon awaki. An ce matarka in ta yi bakace, dusa take kai maka ta bar wa ƙasa tsaba." A yi dariya. Gobe ya ce, "An ce a majami'arku waƙa kawai ake koya wa mata." Na haɗiye sau ɗaya, na haɗiye sau goma. Rannan na dawo daga kasuwa rana ta dafa ni, cikina na kuka, Ilu yana aske wani ya ce, "Mai Jaki, ka kawo ta wurin ƙanwata 'yar shekara bakwai ta koya mata, ba za mu gaya wa kowa ba."

Sai na ji bakina yana magana, ni ina bayansa ina kallo.

"Matata ta fi uwar kowa a nan iya bakace! Da gangan take yi! Turminmu lafiyarsa lau, ni na ɓoye shi. Ba don ita ba, da tuni an fitar da gawa biyu daga gidan Aba Mele. Mu ke ciyar da su!"

Ba wanda ya yi dariya. Askar Ilu ta tsaya a iska. Sai na lura duk idanu ba ni suke kallo ba, bayana suke kallo. Aba Mele yana zaune a ɗaya gefen itacen, inda ya saba, da wani tsohon takalmi a cinya. Ya zare basilla daga fatar a hankali, ya naɗe zare, ya sa cikin jaka. Ya miƙe ya ce, "A tashi lafiya," ya tafi, bayansa a miƙe kamar sanda.

Kafin magariba muka ji ana gungura abu a ƙofar gida. Shi ne da kansa, yana mirgino turminsu a kan gindinsa, yana hutawa, yana sake turawa. Ya tsayar da shi a zaurenmu, numfashinsa na fita da ƙyar. Ya ce wa Hannatu, "Fanna ta ce a kawo wa 'yarta, ta huta da zirga-zirga. Mun gode. Allah ya saka." Ya juya. Muka ji ƙofarsu ta rufe, har da sakata, abin da ba a taɓa yi da rana ba.

Hannatu ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi. Ta tuƙa tuwo ta cika mini kwano har ya yi tozo, ta ajiye gabana ta ce, "Ci. Naka ne, ka ƙwato shi." Na ci, don ni ba waliyyi ba ne, amma kamar ƙasa nake taunawa.

Daga nan bayan katanga ya yi tsit. Ba hayaƙi, ba ko ƙwal ɗin turmin banza, tunda turmin yana zaurenmu yana kallona duk fita da shiga. Hannatu ta kai kwano a rufe, ya dawo a rufe da godiya. Ta miƙa ta kan katanga, aka ce sun ƙoshi. Tarin Ya Fanna kaɗai muke ji, shi ma kullum yana ƙara nisa kamar tana tafiya. Na ga Aba Mele ya fita da jaka wai za shi neman bagaruwa, ya dawo da anza, yana dafa katangu. A rana ta huɗu na tare shi a hanya na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya dube ni ba fushi, wannan ne ma ya fi ciwo. Ya ce, "Me ka yi, ɗan nan? Ai ba ƙarya ka yi ba."

Na wuni ina tafe bayan jaki da maganar nan a kaina. Ba ƙarya na yi ba, abin da ya ɓata komai ke nan. Tsohon nan zai iya zama da yunwa, zai iya zama da zagi, amma ba zai iya zama a gindin bedi mutane suna kallonsa suna sanin abin da ke cikinsa daga gidan wa ya fito ba. In na je na ce na janye, kowa zai ƙara tabbatarwa. To, na ce a raina, ni ba ni da karatu, ba ni da dukiya, abu ɗaya Allah ya ba ni da yawa, shi ne baki.

Da la'asar na isa gindin bedi na zauna na miƙe ƙafa. Na ce, "Ilu, yaya tuwon jiya? Na ce wa Hannatu ta ƙara maka miya." Ya ce wane tuwo. Na ce, "Haba, kar ka ji kunya, ai kowa ya san ni ke ciyar da gidanka wata uku." Ilu ya yi tsalle yana rantsuwa har askarsa ta faɗi. Washegari na ce ni ke ciyar da Alhajin Kano mai sito uku, wanda nake yi wa dako. Na ce buhunansa duk ƙaiƙayi ne, da dare yakan aiko a karɓar masa ɗumame. Jibi na ƙara da mahauci, da mai gadin lekol, da sojoji biyu. Na ce mutanen Hamdara gaba ɗaya daga ƙwarya ɗaya nake ba su kunu, ina tsaye bisa dutse suna wucewa. Da na ga sun fara dariya sai na saki linzami: jakina ya koyi Faransanci don yawan tsayuwa ƙofar ofis, ba ya tafiya sai an ce masa mushe, a tafkin Gidimuni akwai kifin da mahaifina ke hawa ya je gona. Na bi bakin famfo na faɗa, na bi kasuwa na faɗa. Ban sake ambaton Aba Mele shi kaɗai ba, sai a tsakiyar jerin, tsakanin mahauci da Alhaji, in wuce da sauri.

Abin ya ci ni fiye da yadda na zata. Alhaji ya hana ni dakonsa. Fastonmu, wani siririn mutum mai tsoron Allah, ya kira ni bayan sujada ya ce, "Ɗan'uwa, mu 'yan kaɗan ne a garin nan, abin da muke da shi gaskiyar bakinmu ce. Me ya same ka?" Ya jira. In na gaya masa zai gaya wa dattawa don ya wanke ni, dattawa kuwa suna da mata, mata suna zuwa famfo. Na ce, "Shaiɗan ne, Fasto." Ya karɓe ƙarfen da nake buga ƙararrawa da shi, ya ce in zauna bencin baya, kada in kusanci teburin Ubangiji sai an ga tubana. Ya rasu bai san dalili ba. Ban taɓa zama dattijon majami'a ba, ba a taɓa kirana shaidar aure ko ta gona ba, kuma har yau a unguwarmu in wani ya kawo labarin da ba ya shiga kai sai a ce masa, in ji Mai Jaki. Na tambayi Hannatu ko zunubi na yi. Ta ce, "Zunubi ne mana. Ka roƙi gafara kullum, ni ma ina taya ka. Amma gobe ka ƙara da liman." Ban ƙara da liman ba, ina da sauran hankali.

A rana ta tara mai unguwa ya sa aka kira ni gindin bedi, don masu ƙara sun yi yawa. Ilu na nan, mahauci na nan, wakilin Alhaji na nan yana huci. Aka aika aka taho da Aba Mele, tunda shi ma yana cikin waɗanda na ambata. Na hango shi tafe. Rigar ce ke tafiya, shi yana ciki kamar baƙo. Aka shimfiɗa masa buzu ya zauna. Kowa ya faɗi nasa, ana dariya ana zagina. Mai unguwa ya ce in tashi in faɗa da bakina. Na tashi na ce duk ƙarya ce, ban taɓa ciyar da kowa ba, ni kaina matata ke ciyar da ni, ita ma rabi take zubarwa. Aka kwashe da dariya. Sai mai unguwa ya juya.

"Aba, kai ne babba, kai ya fara taɓawa. Me za a yi masa?"

Aba Mele ya daɗe yana kallon ƙasa. Ni kuwa ina addu'a a zuci irin wadda ban taɓa yi ba, ba kalmomi, sunan Yesu kawai nake maimaitawa. Ya ɗago ya dube ni ido cikin ido, ya ce, "A bar shi. Wanda ya ce jakinsa na jin Faransanci, me za ka ɗauka a bakinsa ka kai gida? Abu ɗaya dai. Ya mayar mini da turmina. Aro na ba matarsa, na ga suna neman riƙewa. In tana son daka, ta zo inda turmi yake."

Ban jira an sallame ni ba. Na ruga gida na kinkimi turmin, ban san yana da nauyi haka ba, ban san yadda tsohon ya mirgino shi ba. Ina fitowa na tarar da Hannatu tsaye da ƙwaryar hatsi a ka, ta riga ta jiƙa shi. Ban tambaye ta yadda ta sani ba. Ƙofarsu a buɗe take. Ya Fanna tana kwance a inuwar rumfa, ta zama kamar yarinya a cikin zane. Ta ɗaga kai da ƙyar ta dubi Hannatu. Sannan ta ce, da wata 'yar murya kamar daga rijiya, "Wa ke surfe da yamma in ba ke ba? Miƙo faifan nan kusa da ni, in ga ɓarnar da za ki yi yau."

Na ajiye turmi na juya zan fita, na tarar Aba Mele ya iso yana zaune a zaure, ya jingina kai da bango, ido rufe. Na raɓa zan wuce. Ya ce, "Ɗan nan."

"Na'am, Baba."

"Fanna tun ba a haifi uwarka ba take riƙe da faifai. Kana tsammani ba ta san hannun da ya iya ba? Tun ranar farko ta shigo ɗaki ta ce mini, yarinyar nan ta fi ni bakace, don sai gwana ke iya zubar da daidai abin da ta yi niyya." Daga ciki taɓarya ta fara sauka. "Ita ta yi kamar ba ta iya ba, mu muka yi kamar ba mu gani ba. Aiki ne na mutum uku, muna yinsa lafiya, sai kai ka shigo."

Na ce, "Baba, na tuba."

Ya buɗe ido ɗaya ya dubi ƙafata. Takalmina ya tsinke tun a gindin bedi, ina jansa ban sani ba.

"Ciro shi," in ji shi, yana lalubar basilla a jaka. "Zauna nan. Ka rufe mini baki har in gama."